Abin da Jini Ya Tona: Yadda Aka Gano Ainihin Yaɗuwar Korona

A watannin farko na annobar korona, kusan kowane dare Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, kan fitar da alƙaluman ranar: Legas kaza, Abuja kaza, Kano kaza. Da safe gidajen rediyo su karanta, majalisun unguwa su ɗauka. Wasu su ce gwamnati na ɓoye gaskiya, wasu su ce gishiri ake ƙarawa don a samu kuɗin tallafi, wasu kuma su ce ai ciwon masu hawa jirgin sama ne, bai san gidan talaka ba.

Su kuwa masana cututtuka wani abu daban ke damun su. Sun san waɗannan alƙaluma ba adadin waɗanda suka kamu ba ne, adadin waɗanda aka gwada aka samu ne kawai. Wanda ya yi zazzaɓi da mura na kwana uku, ya sayi magani a kemis ya warke, ba ya cikin lissafi. Wanda ya kamu bai ji ko ciwon kai ba, shi ma babu shi. Garin da babu ɗakin gwaji kuwa, a takarda lafiya lau yake. To, ta yaya za a san yawan mutanen da cutar ta ratsa? Amsar na cikin jinin mutane.

Abin da jini ke riƙewa

Gwajin da aka fi sani a lokacin shi ne na PCR, wanda ake zura wa mutum ɗan tsinke mai auduga a hanci ko maƙogwaro. Ƙwayar cutar kanta yake nema, don haka sai tana jiki yake ganin ta. In aka yi 'yan makonni mutum ya warke, gwajin ba zai nuna komai ba.

Amma jiki ba ya mantuwa da wuri. Idan ƙwayar cuta ta shiga, garkuwar jiki kan ƙera wasu sinadarai daidai da siffar wannan ƙwaya, su manne mata su hana ta sakat. Sukan bayyana a jini tsakanin mako ɗaya zuwa uku da kamuwa, kuma nau'in da ake kira IgG kan daɗe watanni bayan an warke. Duk wanda aka samu waɗannan sinadaran garkuwa a jininsa, alama ce cutar ta taɓa ziyartar sa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba kowa za a gwada ba, domin babu ƙasar da ke da wannan hali. Mutum dubu kaɗan ake zaɓa su wakilci miliyoyi, kuma nagartar aikin duka a wajen zaɓen take. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi, don ya san mai kaya kan ɗora mai kyau a sama. Haka masu bincike ke yi. Sukan ɗauki taswirar ƙidaya, su jefa ƙuri'a a kan yankuna, a cikin kowane yanki su sake jefa ƙuri'a a kan gidaje. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa shi za a shiga, ko na attajiri ne ko na mai turin baro, ko da mara lafiya a ciki ko babu.

A ranar aiki, ayarin kan fara da gaishe da mai unguwa. A ƙofar gida a yi sallama, a yi wa maigida bayani, a nemi yardar kowane baligi, a nemi ta iyaye a kan yara. A tambayi shekaru da sana'a, da ko an yi zazzaɓi, tari ko ɗaukewar jin ƙamshi a watannin baya. Sannan a ɗebi jini ɗan kaɗan a kwalba mai lamba, a saka a akwatin ƙanƙara. A ɗakin gwaji injin juyi zai raba jinin, ruwan ya taso sama launin rawaya-rawaya. Shi ake ɗigawa a wani ɗan faranti mai ramuka 96, waɗanda aka shafa wa ɓangaren ƙwayar cutar. In akwai sinadaran garkuwa sai su kama, ramin ya sauya launi, na'ura ta auna ƙarfin launin ta rubuta.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma Najeriya na da tarihi da ita. Tun a shekarun 1920 Gidauniyar Rockefeller ta kafa ɗakin binciken zazzaɓin shawara a Yaba, cikin Legas. A shekarun 1930 aka riƙa haɗa ruwan jinin mutane da ƙwayar shawara ana yi wa ɓeraye allura: in ɓera ya rayu, mai jinin ya taɓa yin cutar. Da haka aka gano cewa shawara ta mamaye yankuna masu faɗi na Afirka inda likitoci ba su taɓa rubuta ta ba. Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya, NIMR, daga wannan tushe na Yaba ta taso.

Aikin gaggawa da aikin natsuwa

Da korona ta ɓarke, kowa ya yi rububin sanin amsar, kuma garaje ya jawo tuntuɓe. A watan Afrilun 2020 wasu masana daga Jami'ar Stanford suka gwada mutum sama da 3,300 a gundumar Santa Clara ta jihar Kalifoniya a Amurka. Mutum 50 suka nuna alamar sun taɓa kamuwa, wato kashi 1.5 cikin 100. Daga nan suka ƙiyasta cewa masu cutar sun ninka na takarda sau 50 zuwa 85, abin da ke nufin ba ta kisa yadda ake tsoro. Labarin ya karaɗe duniya cikin kwana biyu.

Sai masana lissafi suka yi musu ca, bisa dalilai biyu. Na farko, ta tallar Facebook aka gayyato mutanen, a lokacin da gwaji ke da wuyar samu. Wanda ya yi tari a watan jiya yana zargin kansa shi zai fi saurin amsawa. Na biyu, kayan gwajin kansu kan yi kuskure. A ɗauka gari ne mai mutum 1,000, goma kacal suka taɓa kamuwa. Idan gwajin na yi wa mutum biyu cikin kowane 100 ƙazafin cutar, zai nuna kusan mutum 20 da ba su taɓa yin ta ba, ga goman gaskiya, jimla 30. An ninka gaskiya sau uku ke nan, ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Muddin cuta ba ta yi yawa a gari ba, ɗan kuskuren gwaji na iya rinjayar sakamakon gaba ɗaya.

A daidai wannan lokaci Sifaniya ta bi hanyar natsuwa. Daga 27 ga Afrilu zuwa 11 ga Mayun 2020, ta gwada mutum fiye da 61,000 da aka zaɓo gida-gida ta ƙuri'a daga rajistar ƙasa, kuma da gwaji iri biyu. Ƙasar da asibitocinta suka cika suka batse, aka ɗauka cutar ta gama da kowa, sai ga shi kashi 5 cikin 100 ne kawai suka kamu. A Madrid abin ya haura kashi 10, a garuruwan gaɓar teku bai kai kashi 3 ba. Kusan ɗaya cikin uku na masu garkuwar sun ce ba su ji ciwon komai ba. Wannan sakamako ya rusa fatan masu cewa a ƙyale cutar ta bi ta kan jama'a har kowa ya samu garkuwa: in kashi 5 sun jawo mutuwar dubban mutane, ina ga kashi 60 ko 70?

Sauran wurare ma sun nuna giɓi tsakanin takarda da jini. A Janiba ta Suwizalan an ƙiyasta kusan mutum 12 a bayan kowane mutum ɗaya da aka tabbatar. A birnin Wuhan, inda aka fara ganin cutar, hukumomin Sin sun sanar a ƙarshen 2020 cewa kashi 4.43 na mazauna na da garkuwar, wato kusan mutum rabin miliyan, kimanin ninki goma na abin da aka ƙirga.

Sakamakon Najeriya

A Afirka tambayar ta fi zafi. An yi hasashen gawarwaki a tituna, sai alƙaluman hukuma suka zo ƙanana. Cutar ce ba ta yaɗu ba, ko gwaji ne babu? Kenya ce ta fara ba da haske. Masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, KEMRI, sun gwada jinin mutum kusan 3,000 da suka ba da gudummawar jini tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Yunin 2020, suka samu kashi 4.3 cikin 100, a Mombasa kuma kashi 8. Wato Kenya ta yi kusa da Sifaniya wajen yaɗuwa, alhali waɗanda ta tabbatar a lokacin 'yan dubbai ne.

A Najeriya, inda aka tabbatar da mutum na farko a ranar 27 ga Fabrairun 2020, NCDC da NIMR da abokan aikinsu sun shiga gidaje a watannin Satumba da Oktoba na wannan shekara a jihohin Legas, Inugu, Nasarawa da Gombe. Sun ɗebi jinin mutum fiye da 10,000. Sakamakon da aka sanar a Fabrairun 2021 ya nuna kashi 23 cikin 100 a Legas da Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a jihohi ukun farko, ɗaya cikin goma a Gombe.

A auna wannan da kyau. Ko da an ɗauka mutanen Legas miliyan 15 ne, kashi 23 ya haura mutum miliyan uku. A lokacin kuwa, duk waɗanda aka tabbatar a faɗin Najeriya wajen 60,000 ne. Jiha guda ta ninka lissafin ƙasa baki ɗaya sau hamsin. A tsakiyar 2021 aka yi irin wannan bincike a Kano da Abuja, aka samu kimanin mutum huɗu cikin goma. Zancen cewa ciwon masu hawa jirgi ne ya faɗi: ya shiga lunguna da ƙauyuka, ya ratsa 'yan kasuwa, manoma da yara, galibi cikin rigar zazzaɓi da mura da aka saba.

A watan Afrilun 2022 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin Dakta Matshidiso Moeti, ya tattara bincike 151 daga sassan nahiyar. Ya ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 kashi 65 cikin 100 na 'yan Afirka sun taɓa kamuwa, kimanin mutum miliyan 800, alhali miliyan 8.2 ne a rubuce. Wato cikin kusan mutum ɗari da suka kamu, ɗaya ne ya shiga littafi.

Inda awon kan karkace

Aikin a Afirka ya zo da matsalarsa ta daban. Kayan gwajin da aka ƙera a Turai, Amurka da Sin, da jinin mutanen can aka tantance su. Da aka gwada su a kan jinin da aka adana a Najeriya tun 2018, kafin a san korona a duniya, sai wasu samfura suka nuna wai suna da garkuwarta. Bincike ya danganta hakan da zazzaɓin cizon sauro: jinin wanda ya sha fama da maleriya cike yake da sinadaran garkuwa iri-iri, wasunsu kan manne inda ba nasu ba. An ga irin haka a Jamhuriyar Benin. Shi ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa dogara da gwaji ɗaya, kuma sukan fara jarraba kayan a kan tsohon jinin 'yan ƙasa.

Matsala ta biyu ita ce garkuwar kan ja baya. A Ingila, binciken Kwalejin Imperial, inda aka riƙa aika wa mutane kayan gwaji gida su huda yatsa da kansu, ya nuna kashi 6 cikin 100 a ƙarshen Yunin 2020, sai ya sauko zuwa 4.4 a Satumba. Ba yadda za a yi waɗanda suka taɓa kamuwa su ragu. Sinadaran ne suka yi ƙasa har gwaji ya daina ganin su. Dole masu lissafi su yi gyara, gyara kuwa zato ne, zato kuma kan kuskure.

Ta uku ta zo da allurar rigakafi, domin ita ma garkuwa take sa jiki ya ƙera. Sa'ar da aka yi, allurai irin su AstraZeneca, wadda Najeriya ta fara karɓa a Maris ɗin 2021, da Pfizer da Moderna, ƙayar da ke bayan ƙwayar cutar kaɗai suke nuna wa jiki. Wanda ya kamu da gaske kuwa jikinsa kan san har furotin da ke cikin cikinta, don haka ana iya bambance su. Amma allurai irin su Sinopharm, wadda Nijar ta fara da ita, ƙwayar ce sukutum aka kashe, sai bambancewar ta yi wuya.

Darasin Manaus

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar sakamakon a matsayin takardar sallama. Tun 24 ga Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ƙasashen da ke tunanin ba masu garkuwa takardar shaidar yawo, ta ce babu hujjar cewa ba za su sake kamuwa ba.

Manaus, birni mai mutum kusan miliyan biyu a tsakiyar dajin Amazon na Birazil, ya tabbatar da gargaɗin. Annobar ta yi masa mummunan kamu a Afrilu da Mayun 2020, har aka riƙa binne mutane a dogayen ramuka. Wani bincike a kan jinin masu gudummawa, da mujallar Science ta buga, ya ƙiyasta cewa zuwa Oktoba kashi 76 cikin 100 na mazauna sun kamu. Da yawa suka ɗauka an gama. A Janairun 2021 cutar ta dawo fiye da da, iskar oksijin ta ƙare a asibitoci, marasa lafiya suka riƙa mutuwa a kan gado saboda rashin numfashi. Masana sun kawo dalilai: masu ba da jini ba su wakilci kowa ba, gyaran lissafin na iya yin yawa, garkuwa ta ja baya, ga kuma sabon nau'in cutar da aka sa wa suna Gamma.

Indiya ta nuna amfanin maimaita awo. Majalisar binciken lafiya ta ƙasar ta yi zagaye huɗu: ƙasa da kashi 1 a tsakiyar 2020, kusan kashi 7 a Agusta da Satumba, sama da kashi 20 a farkon 2021. Wannan na uku na faɗa ƙarara cewa mafi yawan jama'a ba su da kariya, amma aka saki jiki da tarukan siyasa da na ibada. Nau'in Delta ya yi ɓarnarsa a Afrilu da Mayu, zagaye na huɗu a Yuni da Yuli ya nuna kashi 67.6, haɗe da waɗanda suka yi rigakafi. Awon bai yi ƙarya ba. Sauraron sa ne ba a yi ba.

Rabin lissafin da ya ɓace

Don a san kaifin cuta, lambobi biyu ake buƙata: nawa suka kamu, nawa suka mutu. Jini ya ba mu ta farko. Ta biyu fa?

Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa cutar ta yi wa Afirka sauƙi. Korona ta fi kisa a kan tsofaffi nesa ba kusa ba, mu kuwa rabin mutanen Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, na Nijar wajen 15, alhali a Italiya rabin jama'a sun haura 45. Sai dai sauƙi daban, rashin ƙirge daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na mace-macen Afirka ne ake yi wa rajista. A ƙasar Hausa, wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar, kuma in a gida ya cika, da wuya wata takarda ta san da zancen.

Kano ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2020. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aiki ya yi musu yawa, ana ta sanar da rasuwar dattawa, malamai da manyan gari, a daidai lokacin da cibiyar gwajin jihar ta tsaya na wasu kwanaki. Gwamnatin jiha ta danganta abin da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da maleriya. Daga baya ayarin Gwamnatin Tarayya ya bi iyalan mamatan yana tambayar yadda jinyar ta kasance, kuma a watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce ta jawo ko ta tsananta. A Lusaka ta Zambiya, inda aka gwada gawarwaki 364 a babban asibitin koyarwa, an samu ƙwayar a jikin 70. 51 daga cikinsu ba a asibiti suka rasu ba, kuma cikin waɗannan 51 ba ko ɗaya da aka gwada yana raye. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 14.9 ne annobar ta yi sanadinsu a 2020 da 2021, ba miliyan 5.4 da ƙasashe suka bayar ba.

Saboda haka duk wanda ya raba mutum 3,000 da 'yan kai da Najeriya ta rubuta sun mutu da miliyoyin da jini ya nuna sun kamu, ya ce cutar wasa ce, ya haɗa lamba mai inganci da lamba mai rauni ne.

Abin da ya rage mana

Najeriya ta san daɗin ƙirge na gaskiya. Binciken gida-gida na cutar ƙanjamau da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, rabin abin da ake zato a da, kuma ya nuna jihohin da ya kamata a karkata kuɗi da magani. Jinin da aka adana daga wannan aiki shi ne ya yi rana lokacin korona. Ɗigo ɗaya da aka busar a takarda yanzu na iya ba da labarin cututtuka da dama a lokaci guda, daga ƙyanda da tetanus har maleriya, ya nuna unguwar da rigakafi bai kai ba kafin annoba ta nuna.

Amma jini ba ya samuwa sai da amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Wanda ya tambayi ma'aikaci ina za a kai jininsa bai yi laifi ba. Haƙƙinsa ne a gaya masa dalla-dalla, da harshen da yake ji, a kuma dawo wa al'umma da sakamako ta bakin sarakuna, limamai da rediyo, ba a bar shi a mujallun ƙetare ba.

Nauyi biyu ne a kan hukumomin Najeriya da Nijar. Su mayar da awon garkuwa aikin yau da kullum, daga jinin masu gudummawa da na masu awon ciki, haɗe da zagayen gida-gida lokaci-lokaci. Su kuma sa a riƙa rubuta kowace rasuwa, ta hannun masu unguwanni da masu kula da maƙabartu, ba tare da an jinkirta jana'iza ko an karɓi kwabo ba. Mu kuma jama'a, in an yi mana rasuwa mu kai rahoto, in ayarin lafiya ya yi sallama da shaidar hukuma mu yi tambaya har mu gamsu, sannan mu ba da haɗin kai. Wata annobar za ta zo, kuma ƙasar da ba ta san yawan masu kamuwa da masu mutuwa ba, da ka za ta yaƙe ta.